Kafin ka hau jirgin Masar, ɗaure raƙuminka

  

Da kwamitin wannan ɗan littafi ya aiko mini saƙo in rubuta wani abu a kan karatu a ƙasar waje, na san abin da wasunku suke son ji. Suna so in ba su labarin masallacin Azhar da hasumiyoyinsa, da kogin Nilu, da kasuwar littattafai. Duk akwai su, kuma in Allah Ya kawo ku za ku gani da idonku. Amma ni ma a kan bencin da kuke zaune na zauna, a nan Damagaram, kuma wannan ce shekarata ta biyar a Alƙahira. Abin da na ga ya fi zama wajibi in faɗa muku shi ne wannan: yawancin ƴan uwanmu da karatu ya kakare musu a nan, ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Sun taso ne ba shiri, suka sa wa rashin shirin suna tawakkali. Ni kuwa a ganina, wanda bai gama shiri ba, ya zauna gida ya ƙara shekara guda ya fi masa alheri da ya zo ya ɓata shekara biyar. Dukanku kun karanta hadisin mutumin nan da ya yi tambaya a kan raƙuminsa, kun kuma san amsar da aka ba shi. To a kanta zan yi magana.

Bari in fara da abin da na gani. Jirgi ɗaya ya kawo mu da wani ɗan uwa, ba zan faɗi sunansa ko garinsu ba. Wallahi ya fi ni haddar Alƙur'ani, ya fi ni murya, ya fi ni zuciyar karatu. Wani dillali ne ya karɓi kuɗin mahaifinsa, ya ce masa da ya sauka za a ba shi ɗaki da abinci, a sa shi jami'a. Da muka sauka ba ɗaki, ba wanda ya san da zuwansa, lambar dillalin ma ta daina shiga. Shahadar da ya zo da ita ba hatimin kowa a kanta sai na makarantarsu. Da aka yi masa jarrabawar tantance matsayi, sai aka mayar da shi can ƙasa, ajin da ya wuce tun yana gida. Kunya ta hana shi faɗa wa iyayensa gaskiya, sai ya riƙa ce musu yana shekarar farko a kulliya. Da kuɗi suka ƙare ya shiga neman abin da zai ci, karatun ya bi ruwa. Har yau yana nan: bai gama ba, bai kuma iya komawa ba. Duk lokacin da na haɗu da shi sai in tuna cewa abin da ya raba ni da shi takardu ne guda uku da kuma wata shida da na yi ina jira a gida, ina ta ƙunƙuni don an hana ni tafiya da wuri.

Ai magabata ma haka suka tafi

Na san abin da wani zai ce. Zai ce haba malam, ai kakanninmu da ƙafa suka je gabas, ba fasfo ba biza, da sanda da gora da ƴar jakar allo, kuma Allah bai tozarta su ba. Gaskiya ne sun tafi, kuma alaƙarmu da Masar ba ta jiya ba ce. Malam Muhammadu al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari ɗan Katsina, a Alƙahira ya koyar, a can kuma ya rasu a 1741. Amma ku duba yadda suka yi. Tun a ƙarni na 13, mutanen Kanem suka tara kuɗi suka ba wani alƙali mai suna Ibn Rashiƙ, ya gina makarantar Malikiyya a tsohuwar Alƙahira, suka kuma ci gaba da aika mata kuɗi, don ɗansu in ya zo ya sami wurin sauka. Daga baya a cikin masallacin Azhar kansa an keɓe wa mutanen Barno ruwaƙi nasu, wato sashen kwana da karatu, kuma kun san tsohuwar alaƙar Damagaram da Barno. Ashe ke nan magabata sai da suka tanadi masauki da guzuri. Ga shi kuma a zamaninsu ba a tsayar da mutum a kan iyaka a ce ya nuna takarda. Kada kuma mu manta, da yawa daga masu tafiyar ƙafa ba su kai ba, wasu sun rasu a hanya, wasu sun zauna a Sudan, jikokinsu na nan har gobe. Mu dai labarin waɗanda suka dawo da rawani muke ji.

Shahada kafin tikiti

Abu na farko shi ne shahadarka. Azhar ba ta ɗaukar mutum jami'a don ya ce ya sauke littafi kaza a zaure. Tana duba ko shahadar sakandaren da ka zo da ita tana cikin waɗanda ta amince sun yi daidai da tata, abin da ake kira mu'adala. In tana ciki, hanyarka ta gajarta. In ba ta ciki, za a gwada ka a sa ka a ma'ahadin ɗaliban waje, ko a matakin i'idadi ko na sanawi, kuma kana iya cin shekaru kafin ka taka ƙofar kulliya. Saboda haka tun kana gida ka je wurin shugaban makaranta ka tambaye shi ƙarara: shahadarmu tana da mu'adala, kuma har yanzu tana aiki? Kada ka dogara da "an ce". Wanda ya sami bak ɗin faranko-arab shi ma ya bincika matsayin takardarsa kafin ya motsa.

Sannan kowace takarda, shahada da sakamakon jarrabawa da takardar haihuwa, sai ta bi ta ma'aikatar da ta dace, ta bi ta ma'aikatar harkokin waje, ta sami hatimin ofishin jakadancin Masar a Yamai. Wadda ke cikin Faransanci a fassara ta zuwa Larabci wurin mai fassara da hukuma ta sani. Ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a ko'ina. Wannan kamar wasa, amma mu ƴan Nijar yana ba mu wahala ƙwarai: a fasfo an rubuta Mahamadou, a shahadar Larabci an rubuta Muhammad, a takardar haihuwa sunan uba ya riga naka. Ma'aikacin da ke gabanka ba ruwansa da yadda ake kiranka a gida, abin da ya gani a rubuce shi ya sani. Gyaran harafi ɗaya a Yamai aikin ƴan kwanaki ne, amma daga Alƙahira sai ya ci maka zango guda na karatu.

Ku kuma sani cewa hanya biyu ce. Akwai mai minha, wato wanda aka ba gurbin tallafi ta hannun hukuma: shi ne ake saukewa a Madinatul Bu'us da ke unguwar Abbasiyya, ya sami ɗaki da abinci da ɗan abin kashewa. Akwai kuma mai zuwa da kuɗin kansa, wanda haya da ci da sha da magani duk suna wuyan iyayensa. Duk wanda ya ce maka ka ba shi jikka kaza ya sayo maka minha, ka riƙe kuɗinka. Haka nan masu son Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961: ta intanet ake nema, kuma ba a sayar da gurbinta a kasuwa.

Larabcin littafi da Larabcin titi

Abu na biyu shi ne harshe. Mu da muka tashi da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, muna da wata matsala da ba mu san da ita ba sai mun fita. Mun saba malam ya karanta kalma ya fassara mana da Hausa, mu maimaita. Wannan hanya ta ba mu fiƙihu mai kyau, Allah Ya saka wa malamanmu. Amma a kulliya ba mai fassara maka, kuma ranar jarrabawa farar takarda za a ba ka, ka cika shafi huɗu ko biyar da Larabcinka na kanka. A nan ne mai haddar Alfiyya yake zama yana cizon alƙalami. Akwai cibiyar koyar da Larabci ga waɗanda ba Larabawa ba, Markaz Shaikh Zayid, mai matakai daga na mafari zuwa na ƙwararru, kuma inda gwaji ya ajiye ka daga nan za ka fara. Kowane mataki watanni ne da kuɗi. To tun yanzu, kowace rana ka rubuta shafi ɗaya na insha'i ka kai wa malam ya gyara. Ka saurari labarai da Larabci a rediyo. Ku ware awa ɗaya a rana da abokinka ku yi magana da Larabci zalla, ko da ana yi muku dariya.

Bayan wannan akwai ammiyya, harshen da mutanen Masar ke magana da shi a gida da kasuwa. Ranar da na fara shiga shago na yi wa mai shagon Larabci da cikakken i'irabi, sai ya yi murmushi ya ce mini "sadaƙallahul azim". Su jimun sukan mai da shi "ga", ƙaf kuma su haɗiye shi. "Izzayyak" ita ce gaisuwa, "bikam" tambayar farashi, "mafish" babu, "bukra" gobe, kuma wannan ta ƙarshe za ka ji ta har ka gaji. Wasu ƴan uwa kan ce ba za su koyi ammiyya ba don kada ta ɓata musu fusha. Ban yarda da su ba. Malamai da yawa da ita suke bayani a aji, likita da ita zai tambaye ka inda ke maka ciwo, mai gida da ita zai yi maka ciniki. Hausar kasuwa ba ta hana kowa iya wa'azi ba.

Iƙama

Abu na uku, wanda in ka manta komai kada ka manta shi, shi ne iƙama, izinin zama a ƙasa. Ana sabunta ta lokaci zuwa lokaci, da takardar shaida daga makarantarka cewa kai ɗalibi ne mai rajista. Tun 2019 babban ofishin fasfo ya tashi daga Mujamma'ar Tahrir ya koma Abbasiyya, kuma jama'a na da yawa, sai an yi sammako. Ka rubuta ranar ƙarewar iƙamarka a bangon ɗakinka, ka fara shirin sabuntawa tun da sauran wata biyu. Wanda ya bari ta mutu tara ce za ta riƙa taruwa a kansa, in aka tsayar da shi a hanya kuma yana iya kwana a hannun hukuma, har a kai ga mayar da shi gida. Kuma iƙamar ɗalibi ba ta ba shi izinin aiki ba. Wanda ya taho da lissafin zai yi aiki ya ciyar da kansa ya yi karatu, ya san ya gina lissafinsa a kan abin da doka ba ta ba shi ba.

Fasfonka kada ya kwana a hannun kowa, ko ɗan garinku ne, ko da sunan zai taimaka maka. Ka yi kofi na kowane shafi mai muhimmanci, ɗaya a aljihu, ɗaya a ɗaki, ɗaya a waya, ɗaya kuma ka bar wa iyayenka. Makon farko da ka sauka ka je ofishin jakadancin Nijar a rubuta sunanka, ka kuma shiga ƙungiyar ɗaliban ƙasarmu. Wasu na ganin wannan ɓata lokaci ne. Ku tuna abin da ya faru a Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Hartum ba zato ba tsammani. Ɗaliban Jami'ar Afirka ta Duniya da na sauran makarantu suka wayi gari cikin ƙarar bindiga, aka riƙa kwashe su a motocin bas, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar suna jiran izinin shiga, wasu suka bi ta Port Sudan. A rana irin wannan da jerin sunaye ake aiki. Wanda sunansa ke rubuce kuma fasfonsa na hannunsa, shi ake fara nema. Allah Ya kiyaye mu, Ya kuma ba mutanen Sudan zaman lafiya.

Kuɗi da ɗaki

Na huɗu, kuɗi. Ku zauna da mahaifi ko wanda zai ɗauki nauyinku ku yi magana ta gaskiya: nawa zai iya aikowa kowane wata, kuma har shekara nawa? Karatun kulliya shekara huɗu ne a mafi yawan sassa, Shari'a da Ƙanun biyar, ban da na share fage. Alkawarin da kawu ya yi a bakin tasha ranar rakiya ba a gina karatun shekara biyar a kansa. Kada kuma ku yi lissafi da farashin da wani ya ba ku tun shekara uku da suka wuce, domin kuɗin Masar ba ya zama wuri ɗaya. A Nuwamba 2016 an sake shi ya faɗi, a Maris 2024 kuma cikin yini guda dalar Amurka ta tashi daga wajen fam 31 zuwa wajen 50. Sefarmu tana ɗaure da kuɗin Turai, don haka in an canza sai ka ga fam ya yi yawa a hannunka ka yi murna, amma kafin wata ya ƙare haya da shinkafa da mai sun bi sahu. Ka canza kuɗi a banki ko wurin canji mai lasisi, canjin bayan fage laifi ne a dokar ƙasar.

Masu zaman kansu galibi a Madinat Nasr suke haya, a Hayyul Ashir da maƙwabtanta, wasu kuma a Darrasa kusa da masallacin Azhar, inda kulliyoyin Usuluddin da Shari'a da Lugga na maza suke. Dillalin gida, wanda suke kira simsar, yana da nasa kaso, mai gida kuma zai karɓi kuɗin ajiya. Kada ka ba da ko sisi sai an rubuta yarjejeniya, an sa tsawon lokaci da adadin haya, ka riƙe kofinka. Ku da za ku zauna tare ku raba komai a rubuce tun ranar farko: wa zai biya wuta, wa zai yi girki ran kaza, wa zai sayo gas. Na ga abokai tun na allo sun daina gaisawa a kan kuɗin wuta. Sannan ka koyi girki kafin ka taho. Ƙanena, shiga madafa wurin inna wata guda ba zai rage maka komai ba. Ful da ta'amiyya da burodin aish baladi suna da sauƙin kuɗi kuma suna riƙe ciki, amma wanda ya iya dafa shinkafa da wake da ƴar miya ya fi kowa kwanciyar hankali. Ka zo da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yaji, za ka gode mini.

Lafiyar jiki

Ka zo da katin rigakafin shawara, ana tambayarsa a filin jirgi. Za a kuma yi maka gwajin jini kafin rajista. In kana da wata cuta da kake shan magani a kanta, kamar asma ko sikila, ka zo da takardar likita, ka kuma sanar da abokan ɗakinka. Sanyin Alƙahira daga Disamba zuwa Fabrairu ba irin hunturunmu ba ne da rana na fitowa a sha hantsi a ware. Yana shiga gini ya zauna, dare da rana. Ka tanadi bargo mai kauri da rigar sanyi da safa. Amma ga gargaɗi, ku riƙe shi da kyau: kada ku kunna gawayi ko murhun gas a ɗaki rufe don jin ɗumi, kada kuma ku yi wanka da na'urar ɗumama ruwa mai gas a banɗakin da ba taga. Iskar da take fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum, kuma tana kisa. A Masar kowane lokacin sanyi ana jin labarin irin wannan mutuwa.

Ɓarawon da ba a gani

Yanzu a ce ka shirya duk wannan, ka shiga kulliya. Saura abu mafi wuya, wato lokaci. A nan makaranta in ka makara malam na jiranka da bulala, in ba ka zo ba a aika gida. A can ba mai tashinka da asuba, a darussa da yawa ma ba mai kiran suna. Sai ka ga ɗaki na mutum shida, an kwana ana shayi ana muhawara a kan malamin da ya yi wa wani raddi a Facebook, an yi asuba an kwanta sai azahar. Watan jarrabawa ya zo a rarumi taƙaitattun takardu a haddace. Tsarin kuwa a bayyane yake: wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu zai wuce da su a wuyansa, wanda ya faɗi fiye da haka ya maimaita shekara. Kowace shekara kuma akwai jarrabawar Alƙur'ani, kuma abin mamaki har mahaddata tana kayarwa, don sun saki muraja'a.

Zama da ƴan gida yana da daɗi, kuma ranar ciwo su ne naka. Amma in daga ɗakin Hausawa sai shagon Bahaushe sai majalisar Hausawa, to me ka zo yi? Ka yi abota da ɗaliban Indunusiya da Malesiya da Senegal, ka ga yadda wasunsu suke tsara lokacinsu. Ka sami aboki Bamisre mai kirki. Babbar taskar Azhar kuma tana cikin masallacin kansa, wanda aka buɗe tun 972: a ruwaƙoƙinsa malamai na karantar da littattafai daga farko zuwa ƙarshe, kyauta, a nahawu da fiƙihu da hadisi da usul. Mu Malikawa a gida muke a nan. Shehu Halil mai Muhtasar ɗan Masar ne, masallacin Shehu Dardir mai Aƙrabul Masalik kuma yana nan bayan Azhar, tafiyar ƴan mintoci. Ka zaɓi littafi biyu ka lazimce su har a sauke, ya fi ka yi ta yawo daga halƙa zuwa halƙa kana ɗaukar hoto. Kuɗin da ka tara ka kai su shagunan littattafai na bayan masallaci, ko baje kolin littattafai na Alƙahira da ake yi a farkon kowace shekara.

A titi kuma sai haƙuri. Za ka gamu da mutanen kirki da za su raka ka har inda kake nema, su ƙi karɓar kuɗin shayinka don kai ɗalibin Azhar ne. Za ka kuma gamu da yaran da za su bi ka suna kiran "samara" saboda launin fatarka. Yana da ciwo, ban ɓoye muku ba, amma kada ka ɗaga hannu, domin baƙo ne ke kwana a ciki in rigima ta tashi. Kada ka ɗauki hoton ginin soja ko na ƴan sanda, kada ka tsaya kallon taro, kada ka sa baki a siyasar ƙasar, ko a fili ko a waya.

Ƙannena mata, duk abin da na faɗa ya shafe ku. Kulliyoyin mata daban suke, a Madinat Nasr, jirgin ƙasa na cikin gari ma yana da taragun mata. Kafin ki taso a san takamaimai inda za ki zauna da wanda zai tsaya miki. Fasfonki da kuɗinki su kasance a hannunki, ba a hannun wani da ya ce shi wakili ne ba.

Ranar dawowa

Daga ƙarshe, ka tuna za ka dawo. Yayyenmu da yawa sun dawo da shahada mai daraja suka tarar ba su iya cika takardar neman aiki ba. Ko da yake a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, har yanzu Faransanci na cikin harsunan aiki, kuma da shi ake yawancin takardun ofis. Kada ka yar da Faransancin da ka koya a nan, ka ƙara da kwamfuta, in da hali da ɗan Turanci ko wata sana'a ta hannu. Malamin da ke da abin yi ya fi iya faɗin gaskiya. Kafin ka baro Masar kuma ka sa a buga wa shahadarka duk hatiman da ake buƙata, don a gida a amince da ita.

Wanda kuma bai sami hanyar fita ba, kada ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Jami'ar Musulunci ta Say tana nan tun 1986, ɗalibai daga ƙasashe da yawa suna zuwa cikinta neman abin da mu muke tsallakewa. Ka yi digirin farko a gida ka fita neman na biyu da hankalinka cikakke, wannan ma hanya ce mai kyau.

Iyayenmu, ina roƙonku da girman Allah, kada ku sayar da gona ko shanu ku miƙa wa wanda bai nuna muku takardar karɓa daga makaranta ba. In yaro ya tafi, ku riƙa neman ya turo muku sakamakonsa kowace shekara, ku kai wa malamansa na nan su karanta muku. In kuma ya ce ya faɗi, kada ku yi masa baki, domin tsoron bakinku ne ke sa wasu yin ƙarya shekara da shekaru.

 Allah Ya ba ƴan ajin ƙarshe sa'ar jarrabawa, Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mayar da kowane matafiyi gida lafiya. Mu ma da ke nan ku sa mu a addu'a.